Amanar Hoto Tsakanin Asali Da Maɗaba'a

Ya ku ƴaƴana, samari da ƴan mata na Baudeta da Tasawa da Mayahi da sauran garuruwan da ke kewaye da mu, waɗanda Allah ya hore wa sanin kwamfuta har ta zama muku hanyar neman halali, ina so in ja hankalinku ga wani al'amari wanda mai kallo daga nesa zai ce ƙarami ne, amma duk wanda ya taɓa ƙirga kuɗinsa ya biya bugu, ya kwance ɗaurin takardu ya tarar fuskar mahaifinsa ta dagule har jikoki na gardamar ko shi ne, ya san ba ƙarami ba ne. Katin ɗaurin aure, da kalandar makarantar Islamiyya, da ɗan littafin addu'o'in da ake rabawa ranar sadakar mamaci, da ƙyallen talla na ƙungiyar manoma, duka a yau ta hannunku suke bi kafin su isa maɗaba'a a Maraɗi ko Damagaram ko Kano. Ku ke karɓar hoto, ku gyara shi, ku ɗora masa rubutu, ku aika. Injin bugu kuwa ba shi da basira, ba shi da tausayi. Abin da aka ba shi shi yake maimaitawa, in alheri ne sau dubu, in aibi ne sau dubu, saboda haka mafi yawan illolin da ake ɗora wa mai maɗaba'a laifinsu, haƙiƙa a kan teburinku aka haife su, ko kuma a kan teburinku ya kamata a tare su.

Wannan matsayi da kuke kai ba sabo ba ne a ƙasar Hausa, domin kafin inji ya zo akwai marubuta masu kwafar littattafai da alƙalamin kara da tawada, waɗanda su ma suke tsakanin mawallafi da mai karatu, kuma malamai sun shimfiɗa musu ladubba waɗanda har yau ban ga abin da ya fi su dacewa da aikinku ba. Na farko, a nemi nusha mafi kusa da asali, kamar yadda malaman hadisi ke kwaɗayin gajeren isnadi, saboda sun san kowane mutum da aka ƙara a cikin silsila ƙofa ce ta mantuwa. Na biyu, idan an gama kwafa a yi muƙabala, wato mutum ɗaya ya riƙe asali yana karantawa, ɗaya ya riƙe kwafi yana bi, inda suka tsaya a sa alama a gefen shafi domin a san muƙabala ta iso nan. Sun kuma ji tsoron tashifi, wato harafi ya juye saboda ɗigo ya ɓace ko ya ƙaru, har Abu Ahmad al-Askari, wanda ya rasu a shekara ta 382 bayan Hijira, ya keɓe littafi guda a kan tashifin da ya auka wa masu riwayar hadisi. Duk abin da zan faɗa muku a gaba reshe ne na waɗannan asulla biyu, neman asali da muƙabala.

Ku sani hoton da ke cikin waya ko kwamfuta ba zane ba ne mai ɗorewa kamar na alƙalami. Ƙananan murabba'ai ne da ake kira fiksel, an jera su sahu-sahu, kowanne da launinsa, kuma adadinsu ƙididdigagge ne tun ranar da aka ɗauki hoton. Ƙa'idar da masu ɗab'i suka zauna a kanta ita ce, hoton da za a riƙa a hannu a duba yana bukatar fiksel 300 a kowane inci na girman da za a buga shi, inci kuwa santimita 2.54 ne. Bisa ga wannan lissafi, cikakken shafin A4 yana neman fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, shafin A3 na kalanda kuma 3508 da 4961. Waya mai kyamarar miliyan 12 tana ba da hoto mai fiksel 4000 da 3000, wanda ya isa shafin A4 ba tare da an ja shi ba. Amma idan hoton da ke hannunka fiksel 1600 ne a tsawonsa, to girmansa na gaskiya a takarda bai wuce santimita 13 da rabi ba, kuma in ka miƙa shi ya cika kalanda mai santimita 42, kowane inci zai samu ƙasa da fiksel 100. Akwai masu shiga Photoshop su goge lambar 72 su rubuta 300, su ɗauka sun yi magani, alhali kwamfuta ba ta da inda za ta samo abin da kyamara ba ta gani ba. Ƙara wa fura ruwa ne, ƙwarya ta cika amma geron bai ƙaru ba. Sai dai ƙyallen talla da ake ratayawa a bakin kasuwa, wanda ake hange daga tsallaken hanya, shi ba ya bukatar 300, fiksel 100 a inci ko ƙasa da haka ma sun wadatar, gwargwadon nisan mai kallo.

To me ya sa hotunan da ake kawo muku suke zuwa ƙanana, alhali wayoyin mutane na ɗaukar manya? Dalilin shi ne hanyar da suka biyo. WhatsApp, idan aka aika hoto ta hanyar da kowa ya saba, yakan rage shi zuwa kimanin fiksel 1600 a gefe mafi tsawo, sa'an nan ya matse shi domin ya yi sauƙin tafiya, kuma ban ga laifin mutanenmu ba da suke son haka, tun da layi a ƙauyukanmu rarrauna ne, kuɗin intanet kuma ba kowa ke da shi ba. Matsewar nan da tsarin JPEG ake yin ta, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a shekara ta 1992, kuma hikimarsa ita ce ya yanka hoto gida-gida, kowane gida fiksel 8 a tsaye 8 a kwance, ya zubar da abin da yake zaton ido ba zai lura da rashinsa ba. Abin da aka zubar ya tafi har abada. Idan kuma wani ya buɗe hoton ya yanke gefensa ya sake ajiyewa, ko ya ɗora shi a Facebook wani ya sauke, ko ya ɗauki hoton fuskar wayarsa maimakon ya tura fayil ɗin, sai a sake zubar da wani abu a kan na farko, har hoton ya iso shagonka ta hannun mutum biyar ko shida, kamar labarin da ya bi bakuna da yawa.

Ina roƙonku ku koyi gane wannan da idonku, domin a fuskar waya ba ya bayyana. Ka buɗe hoton a kwamfuta, ka kusanto da shi ninki uku ko huɗu, ka dubi wurare uku. Ka dubi bango ko sararin sama da ke bayan mutum, inda launi ya kamata ya kwanta sumul. Idan ka ga ƴan gidaje masu kusurwa huɗu suna jere, an matse shi. Ka dubi inda farin rawani ya haɗu da duhun bango, ko gefen haruffan allon da ke bayansa. Idan ka ga wani dishi-dishi yana kewaye da layin, launin toka da bai da asali a wurin, shi ma shaida ne. Sa'an nan ka dubi fuska, musamman gemu da gira da ƙwayar ido. A hoton asali za ka iya bin gashi ɗaya-ɗaya, a wanda ya wahala kuwa gemun ya zama dunƙule guda, ido ya zama tabo. Duk waɗannan injin bugu zai fito da su ƙarara, domin takarda ba ta da hasken waya da ke rufa wa hoto asiri.

Idan ka ga haka, wajibinka shi ne ka nemi asali, kuma neman yana da ladabi, domin sau da yawa wanda ya kawo aikin dattijo ne, hoton kuma na wanda ya rasa ne. Kada ka ce masa hotonsa ba shi da kyau. Ka ce, "Baba, Allah ya jiƙan Malam. Wannan hoton ya gaji a hanya. Wa ya ɗauke shi tun farko?" Zai ce ɗan ƙanensa ne da ke Kano, ko wani mai hoto a Tasawa ranar saukar karatu. Sai ka ce, "To Baba, a ba ni lambarsa, ni zan yi masa bayanin yadda zai turo." Ka kira shi, ka roƙe shi ya tura fayil ɗin a matsayin takarda, ta wurin da aka rubuta Document, domin ta nan WhatsApp ba ya taɓa hoto, in kuwa yana kusa, a kawo wayar ko katinta a kwafa da kebul. Idan hoton na takarda ne da ke cikin firam a ɗakin tsohuwa, a kawo shi kansa, a cire shi daga gilashi a sa a sikana, maimakon a ɗauke shi da waya a karkace hasken taga na faɗa masa. Wannan zai ci maka kwana ɗaya ko biyu, kuma na san mai aiki yakan ƙagu, amma ƙaguwarsa ta kwana biyu ta fi sauƙi a kan baƙin cikinsa na shekaru duk lokacin da ya ɗaga kai ya dubi bango.

Idan asali ya shigo hannunka, kada kai kuma ka zama ƙofar ɓarna. Ka ajiye shi gefe guda kada ka taɓa, ka yi aiki a kan kwafinsa, kuma duk tsawon aikin ka riƙa ajiyewa a tsarin da ba ya zubar da komai, kamar TIFF ko fayil ɗin Photoshop na kansa. In lalle sai an yi JPEG, a yi shi sau ɗaya tak a ƙarshe, a mafi ingancin daraja. Ka yi hattara kuma da ƙara wa hoto kaifi, domin idan ya wuce kima sai farin layi ya kewaye kan mutum da kafaɗunsa, ya fito kamar an yanko shi an manna.

Akwai wata fitina sabuwa wadda nake jin tsoronta fiye da duk waɗanda na ambata, ita ce manhajojin da ke cewa za su gyara dagulallen hoto su mai da shi garau. Waɗannan ba sa dawo da abin da ya ɓace, domin ba su taɓa ganinsa ba. Ƙirƙira suke yi, su ɗauko kamannin ido da haƙora da fata daga ɗimbin fuskokin da aka horar da su a kansu, su lulluɓa wa mutuminka. Na ga hoton wani tsoho da aka bi da shi ta wannan hanya: ya fito fes, fata sumul, amma tsagar da ke kumatunsa, wadda ita ce shaidar gidansu, ta shafe sarai, saboda manhajar ta ɗauke ta a matsayin datti, idonsa ɗaya kuma da ya ɗan lumshe tun ƙuruciya ya buɗe daidai da ɗayan. A wurin malaman riwaya, wanda ya manta kalma ya bar gurbinta ya fi wanda ya cike gurbin da kalmar da ya ƙaga daraja nesa ba kusa ba, domin na farko ya gaza ne, na biyu kuwa ya yi ƙarya. Ra'ayina shi ne, a kan hoton buhun taki ko kwalbar mai babu laifi a nemi taimakon irin waɗannan manhajoji, amma a kan fuskar mutum, ballantana mamaci wanda ba zai iya cewa ba ni ba ne, kada a yi sai da sanin iyalinsa, kuma a nuna musu biyun su zaɓa.

Yanzu zan zo ga abin da ya fi nauyi, wato rubutun hannu da ake kawo muku ku ɗauka da sikana domin a buga, na Larabci ko na ajami. Mutanenmu sun daɗe da fifita rubutun malamansu a kan haruffan ƙarfe na ƙasashen gabas, saboda da shi suka yi karatun allo, da riwayar Warshu, shi ya sa a Kano aka daɗe ana ɗaukar hoton shafukan da gwanayen marubuta suka rubuta da hannu, a buga su yadda suke, a sayar a Kasuwar Kurmi, daga nan fatake su kawo har kasuwanninmu. Sharif Bala na unguwar Gabari yana cikin mashahuran da Alƙur'anan hannunsu suka bazu ta wannan hanya. A irin wannan aiki shafin gaba ɗaya hoto ne, kowane ɗigo a cikinsa hukunci ne. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan gilashin sikana, a ƙasar da hunturu ke shigar da ƙura har cikin akwatin da aka kulle, ta isa ta mai da ra ta zama zai, dal ya zama zal, ain ya zama gain. A rubutunmu na Magaribi fa ɗigo ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, saboda haka tabo ƙarami a inda bai kamata ba yana rikita su. Haɗarin kuma ta fuska biyu yake: idan ka bar ƙura ta zama ɗigo, in kuma ka danna maɓallin da ke share tabo da kansa, sai ya share ɗigon gaske tare da ƙurar, ya tafi da ɗigon imala da siraran wasulla, domin shi ba ya karatu. Saboda haka a goge gilashi da tattausan ƙyalle kafin kowane shafi, a ɗauki rubutun baƙi zalla da ɗigo 1200 a inci, ko 600 in na'urar ba ta kai ba, a ajiye shi TIFF, a share tabo da hannu ɗaya bayan ɗaya, asalin shafin yana buɗe a gefenka. Idan akwai jan wasali a shafin, kada a mai da shi baƙi da fari kai tsaye, domin ja mai haske yakan ɓace ɗungum a wannan juyi; a ɗauke shi da launinsa, a tambayi mai littafi ko za a buga da tawada biyu. Wanda kuma bai iya karanta abin da yake sharewa ba, ya zaunar da wanda ya iya kusa da shi.

Kada ku zaci irin wannan tashifi na ƙananan shaguna ne kawai. A shekara ta 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe mai suna David Kriesel ya gano cewa wasu manyan na'urorin kamfanin Xerox, idan suka ɗauki takarda suka matse ta da tsarin JBIG2, sukan musanya lambobi masu kama da juna, 6 ta koma 8, lambar kuma ta fito tsaf ba tare da alamar an taɓa ta ba, har sai da kamfanin ya fitar da gyara. Na'urar tana ganin siffofi biyu sun yi kama sai ta ajiye ɗaya ta maimaita ta a gurbin ɗayar, domin ta rage nauyin fayil. Ku tuna da wannan duk ranar da aka kawo muku takardar haihuwa ko takardar gona, ku ƙi matsewa mai tsanani a kan duk abin da ke ɗauke da lamba ko suna.

Rubutun boko ma yana da nasa ɗigon, wato lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, da haruffan darma ake ɗab'i, harafi kuwa ƙarfe ne mai iyaka, ko yana nan ko babu shi. Yau idan ka mai da ƙaramin rubutu ya zama hoto, ka matse shi, lanƙwasar ita ce farkon abin da ke narkewa, ƙafa ta koma kafa. Maganin mai sauƙi ne: rubutu ya zauna a matsayin rubutu har ya isa maɗaba'a, a cusa haruffansa cikin fayil ɗin PDF ko a mai da su zane a CorelDRAW, kada a narkar da shi cikin hoto. Idan an kawo maka tambarin makaranta da aka ɗauko daga tsohuwar takarda, ka sake zana shi.

Akwai wata illa da ke zuwa daga ɗaukar abin da aka riga aka buga. Ka samu gilashin ƙara girma ka ɗora a kan hoton kalanda, za ka ga ashe ba launi ba ne shimfiɗaɗɗe, ɗige-ɗige ne na tawada huɗu, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, kowace a jere bisa kusurwarta. A al'ada baƙi a kan daraja 45, ja-ja 75, shuɗi 15, rawaya kuma a miƙe, an zaɓi waɗannan kusurwoyi ne domin kada jerin su yi karo. A takarda mai sheƙi akan sa layin ɗigo 150 a inci, a takardar jarida 85 zuwa 100, kuma daga nan aka samo ƙa'idar 300, ninki biyu na 150. To idan ka ɗauki irin wannan hoto da sikana ka aika a sake buga shi, tsohon jerin ɗigo zai gamu da sabo, sai wata igiyar ruwa ko zanen raga ya bayyana a kan fuska da riga, wanda babu shi a asali. Haka kan faru ma da rigar saƙi mai siraran layuka ko da hoton na asali ne. Mafi yawan sikana suna da zaɓin warware ɗigon bugu, a kunna shi; in babu, a ɗauki hoton da girma sosai, a ɗan dusashe shi har ɗigon ya haɗe, sa'an nan a rage shi zuwa girman da ake so, a kuma haƙura da cewa ba zai kai asali kaifi ba.

Maganar launi doguwa ce, zan taɓa abin da ya shafe mu kawai. Fuskar kwamfuta da haske take nuna launi, takarda kuwa da tawada, kuma tawada ba ta kai haske faɗin iko ba, shi ya sa shuɗin rawani mai ƙyalli kan karkata zuwa shunayya a bugu, kore mai walƙiya da ruwan lemun tutar ƙasa su ɗan dushe. Ka juya aikinka zuwa tsarin CMYK, wato na tawada huɗun nan, kai da kanka, bisa ma'aunin da maɗaba'ar ta ba ka, ka ga abin da ya canja tun kana da ikon gyarawa. Sa'an nan tawada tana bazuwa idan ta taɓa takarda, ɗigo ya ƙara girma, duhu ya ƙara duhu, kuma wannan ya fi cutar da hotunanmu, domin mafi yawansu baƙar fuska ce a saman farar riga a cikin rana tsaka. Idan ka bar fuskar yadda take a kwamfuta, a takarda za ta toshe, sai fararen ido kawai. In kuma ka haskaka hoton gaba ɗaya, aikin allurar da ke wuyan rigar zai ƙone ya zama fari fat. Sai ka keɓe fuskar ka buɗe inuwarta ita kaɗai, daidai gwargwado, ba tare da ka sauya wa mutum launin da Allah ya halicce shi da shi ba, abin da na ga wasunku na yi da zaton kyautatawa ne, alhali ragi ne ga mutuncinsa. Jimillar tawada huɗu a wuri mafi duhu kada ta wuce kashi 300 a takarda mai sheƙi, ko kimanin 240 a takardar jarida, in ba haka ba ba za ta bushe ba, ta manne a bayan shafin da ke samanta. Ƙananan haruffa baƙaƙe kuma a yi su da baƙar tawada kaɗai, domin in huɗun suka taru a kansu, farantin tawada ɗaya a inji ya goce ko da kaurin gashi, sai rubutun ya yi inuwa mai launi. Masu son bango mai launin da ke sauyawa a hankali su sani kowane launi matakai 256 ne kawai. Idan sauyin matakai 40 ne aka shimfiɗa shi a ƙyalle mai mita 3, kowane mataki zai yi faɗin santimita 7 da rabi, ido ya gan su ɗauri-ɗauri, sai a yayyafa masa ɗan hatsi-hatsi kaɗan ya ɓoye gaɓoɓin.

Kafin ka aika, ka kira mai maɗaba'a ka tambaye shi irin fayil ɗin da yake so, da irin takarda, da ko yana son tsarin PDF/X, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, kuma lokacin fitar da PDF ka duba kada manhajar ta rage hotunanka a ɓoye, domin zaɓin da aka tanada don aikawa ta intanet yakan yi haka. Tambaya ba ta rage darajar mai sana'a, kuma masu injin sun fi son yaro mai tambaya a kan wanda za su buga masa dubu biyu ya dawo da rigima.

Daga nan sai muƙabala, wadda ba ta faɗuwa a kan kowa komai gwanintarsa. Ka nemi a fitar maka da gwaji ɗaya a takarda, a girmansa na gaskiya. In maɗaba'ar na nesa, ka buga shi a firintar shagonka, ko da yanki-yanki ne, domin ko launi bai zo daidai ba, dagulewa da tabo za su bayyana. Ka fita da shi waje, cikin inuwa, da hasken rana, kada ka yi hukunci a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ku zauna ku biyu, ɗaya da asali ɗaya da gwaji, a karanta suna da kwanan wata da lambar waya da ƙarfi, harafi-harafi, a bi ɗigo da wasali da yatsa, a sa alama inda aka tsaya idan sallah ta katse ku. Sa'an nan a kai wa mai aikin ya gani da idonsa, ya sa hannu ko ya ce ya yarda a gaban shaida, kafin a ba da izinin bugu. Idan kuwa lokaci ya ƙure, taro gobe ne, asalin hoton kuma bai samu ba, to ka gaya wa mai shi gaskiya, ka rage hoton zuwa girman da fiksel ɗinsa suka isa, santimita 10 ko 13, ka sa shi a tsakiyar shafi da farin fili kewaye da shi, ka cika sauran wurin da rubutu mai tsabta, ka kuma rubuta lambar wanda asalin ke hannunsa a littafin shagonka domin bugu na gaba.